Kurakuran ɗalibai wajen bitar aikin magabata da kafa hujja a kundin digiri

Babi na biyu ne ya fi tona asirin ɗalibi. An ce ya yi bitar ayyukan da suka gabata, sai ya jero: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, shafi goma ba inda aka ji ta bakinsa. Wannan kwashe-kwashe ne kawai. Duk aikin da ka ɗauko, tambayi inda marubucin ya samo bayanansa, da wa ya zanta, a wane gari, kuma ko hukuncin da ya yanke ya yi daidai da abin da ya tara. In wani ya tattara kalmomi a Kano kaɗai, ya kuma yanke hukunci kan Hausa gaba ɗaya, ka rubuta cewa Sakkwatanci da Damagaranci ba su shiga lissafinsa ba.

A nan kunya ke shigowa. Yaro na jin nauyin ya ce aikin farfesa da gyara, balle in farfesan zai zauna ranar kare kundi. Ba a ce ka ci mutuncin kowa ba. Faɗi abin da aikin ya cimma, nuna inda ya tsaya, kawo lambar shafi.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne magana ta fi hujjarta girma. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa rubutun Hausa ya fara ne da zuwan Turawa. To ina aka kai ajami? Nana Asma'u ta rasu a 1864, ta bar waƙoƙi da Hausa, alhali Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. Abin da ɗalibin ke nufi, galibi, shi ne ƙagaggun labarai cikin boko, waɗanda gasar rubuta labarai da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a 1933 ta buɗe musu hanya. Sai ya rubuta hakan ƙarara, ya rage bakin maganar zuwa inda zai iya kare ta.

Haka ma "kowa ya sani" da "masana sun ce". Su wane masanan? Kawo suna da shekara, ko ka goge jimlar. Ita kuwa "babu wanda ya taɓa nazarin wannan", kada ka rubuta ta kafin ka duba kundayen da ke jibge a ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Sakkwato. Ya fi maka sauƙi ka ce a iya ayyukan da ka duba ba ka ci karo da shi ba, ka kuma ambaci wuraren da ka duba.