Yadda ake shirya matashin Maikronesiya don jami'a, sana'a da zaman jama'a

Matashin da ke riƙe da fasfon Tarayyar Maikronesiya, ko na Tsibiran Mashal, ko na Palau, ƙasashen tsibirai uku da ke tekun Fasifik, yana iya shiga Amurka ba biza, ya zauna, ya yi karatu, ya kama aiki. Yarjejeniyar ƙawance tsakanin Amurka da waɗannan ƙasashe, wadda ake kira COFA, ita ce ta ba shi wannan dama. Ta fara aiki a 1986 ga ƙasashe biyun farko, sai Palau a 1994. Sauƙin nan shi ke yaudarar iyaye. Tunda babu ofishin jakadancin da zai nemi takardar samun gurbin karatu ko shaidar kuɗi, sai a yanki tikiti kawai, a tura yaro gidan kawunsa a Guwam ko Honolulu ko Springdale ta jihar Arkansas, a ce sauran sai ya isa. Shirin da ke cin shekara huɗu sai a cusa shi cikin mako biyu. Jagorar nan ta iyaye ce da malamai da shugabannin matasa a coci, waɗanda shirin ke hannunsu.

Takardu tukuna

A fara da tantance matsayin yaro, domin 'yan gida ɗaya kan bambanta. Wanda aka haifa a Guwam, Saipan, Hawayi ko wata jiha ɗan Amurka ne. Wanda aka haifa a Chuuk, Pohnpei, Yap ko Kosrae (jihohin Tarayyar Maikronesiya huɗu), a Majuro ta Tsibiran Mashal ko a Koror ta Palau baƙo ne mai izinin zama: ba ya jefa ƙuri'a, kuma wasu laifuffuka na iya sa a kore shi. A gargaɗe shi da kyau kada ya taɓa cika wata takarda ya ce shi ɗan Amurka ne, ko da cikin rashin sani, don wannan kaɗai ya isa ya jawo masa kora.

Fasfo mai sauran wa'adi shi ne na farko. Na biyu takardar I-94, wadda ke nuna cewa ƙarƙashin COFA aka shigar da shi. Yanzu a intanet ake ciro ta, daga shafin hukumar kan iyakar Amurka, kuma a buga kwafi biyu ko uku a makon farko. Ga 'yan Tarayyar Maikronesiya da Tsibiran Mashal, fasfo da I-94 su ne shaidar izinin aiki. Masu ɗaukar ma'aikata da yawa ba su san haka ba, suna tambayar katin zama na dindindin, don haka yaro ya koyi bayyana matsayinsa cikin jimla biyu. Sai lambar inshorar jama'a ta Amurka, wato Social Security, wadda ake nema bayan an isa. Ta ƙasarsu daban ce, ba ta aiki a can.

A duba suna harafi da harafi. A tsibirai ba abin mamaki ba ne a ga sunan mahaifi a takardar haihuwa, na kaka a takardar makaranta, na mai riƙo a fasfo, domin riƙon yara tsakanin dangi abu ne na yau da kullum. Kwamfutar makaranta ba ta san zumunci ba. Idan sunaye suka saɓa, tallafi na iya tsayawa zango guda. Gyara a gida, inda ofishin rajista yake, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A haɗa da katin rigakafi da sakamakon gwajin tarin fuka, wanda makarantun Hawayi ke nema kafin a shiga aji. Fasfo kuma ya zauna a hannun mai shi. Duk mai ɗaukar ma'aikata da ya ce zai biya kuɗin jirgi amma ya riƙe fasfo, a guje shi.

Turanci da lissafi, tun aji na 9

Yaro na tasowa da harshen tsibirinsu, Turanci kuwa sai a makaranta. Yana iya hira da shi sarai amma ya kasa karanta shafi ashirin ya taƙaita su a sakin layi biyu, kuma wannan ne jami'a ke nema. Maganin ba ya da tsada: karatu na minti talatin kullum, da rubutun shafi guda duk mako wanda wani zai gyara da biro ya mayar masa ya sake. A lissafi, a tabbata ya yi shekara huɗu cur, har da aljabara ta biyu. Masu barin lissafi a shekarar ƙarshe su ne ke faɗuwa jarrabawar tantancewa.

Kwalejin Maikronesiya tana da jarrabawar shiga mai suna COMET, wadda ke raba ɗalibai: wasu su shiga karatun digiri kai tsaye, wasu ajin share fage, wasu kwasa-kwasan satifiket. A gwada yaro da irin tambayoyinta tun aji na 11, da agogo a gabansa. Inda akwai shirin Upward Bound ko Talent Search, masu shirya 'yan sakandare don shiga jami'a, a sa shi. Kyauta ne, don 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi aka yi su.

Ga wanda ya koma sakandaren Amurka a tsakiyar karatu, abin lura shi ne ƙidayar kiredit, wato makin da ake tarawa a kan kowane darasi da aka ci. A Hawayi sai da 24 ake kammalawa. A kai cikakken sakamakon makarantar gida a nemi a lissafa masa, in ba haka ba ya maimaita abin da ya riga ya ci. Iyaye na da haƙƙin neman tafinta a taron makaranta, kuma kada a mai da yaron kansa tafinta a zancen da ya shafe shi.

Lissafin tallafin Pell

Nan ne aka fi yin asara. 'Yan ƙasashen COFA suna samun tallafin Pell na gwamnatin Amurka, wanda kyauta ne ba bashi ba, amma ba sa samun bashin karatu na tarayya. Mafi yawan abin da Pell ya bayar a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 shi ne dala 7,395. Ana nema ta takardar FAFSA, kyauta, kuma kowace shekara sai an sake cikawa. Bisa al'ada a ranar 1 ga Oktoba ake buɗe ta. Dokar da aka sa wa hannu a Maris 2024 ta ƙara abu mai muhimmanci: jami'o'in gwamnati ba za su caji 'yan waɗannan ƙasashe fiye da kuɗin 'yan jiha ba. Idan takardar biya ta zo da kuɗin baƙi, a je ofishin rajista da fasfo a nemi gyara.

Pell yana da iyaka: zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwar mutum. Cikakken karatu na nufin kiredit 12 a zango, amma digirin shekara biyu kiredit 60 ne, na shekara huɗu 120. Mai ɗaukar 15 zai gama babban digiri a zango 8, mai ɗaukar 12 kuwa sai 10. To, a ce zango biyu sun tafi a ajin share fage, waɗanda ke cin Pell amma ba sa shiga lissafin digiri, ɗaya kuma ya salwanta saboda tafiya gida. Saura 9. Tara sau 12 ya ba da 108. Kuɗi ya ƙare, digiri bai kammala ba, ga shi babu bashin da za a ci a cike giɓin. Wannan lissafi ya kamata a yi shi a kan takarda tare da yaro da iyayensa tun kafin ya zaɓi kwas, kuma shi ne dalilin da ya sa muka matsa kan Turanci da lissafi.

Akwai kuma sharaɗin ci gaba. Yawancin makarantu na neman matsakaicin maki 2.0 cikin 4, da cin kusan kashi 67 cikin ɗari na kiredit ɗin da aka ɗauka. Darasin da aka janye daga cikinsa bayan wa'adi ana ƙirga shi cikin waɗanda aka ɗauka. Wanda ya yi rajistar 12 ya ci 6 ya tsaya a kashi 50: gargaɗi a karon farko, dakatar da tallafi a na biyu. Wanda ya bar makaranta kafin kashi 60 na zango ya wuce kuwa, ana mayar wa gwamnati wani kaso na kuɗin, makaranta ta bi shi bashi, ta hana shi sake rajista. Rarar Pell da ake ba ɗalibi a hannu ta littattafai ce da abinci da kuɗin mota har ƙarshen zango. Dangi su san haka tun wuri, don ranar da kuɗin ya shigo ita ce ranar da waya ke yawan ƙara.

Pell kaɗai ba ya riƙe ɗalibi a Honolulu, inda haya ke da tsada. A nemi tallafin gwamnatin ƙasa da na jiha. Tsibiran Mashal da Palau kowace na da hukumar tallafin karatu, jihohin Tarayyar huɗu ma suna da nasu. Kuɗinsu kan makara, saboda haka a tanadi na watan farko.

Ina za a fara?

A ganinmu, ga yawancin ɗalibai, shekara biyu a kusa da gida ta fi. Kwalejin Maikronesiya na da babban harabarta a Palikir da rassa a jihohi, Kwalejin Tsibiran Mashal na Majuro, ta Palau na Koror, kuma dukkansu hukumar tantancewa ta Amurka ta amince da su, shi ya sa Pell ke aiki a cikinsu. Daga nan sai a wuce Jami'ar Guwam ko Jami'ar Hawayi a Hilo ko Manoa. Kafin rajistar zangon farko, a tambayi jami'ar da ake hari waɗanne darussa take karɓa, a rubuce. Wanda makinsa ya yi ƙarfi yana iya tafiya kai tsaye, in dai akwai ɗakin kwana da tebur da zai yi karatu. Gidan da mutum goma sha biyu ke ɗaki biyu, komai ƙaunar da ke cikinsa, ba wurin rubuta jinga ba ne; a nuna masa ɗakin karatu na makaranta, a sa masa awa biyu ga kowace awa ɗaya ta aji.

Sana'a

Tsibirai na ƙarancin malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu gyaran lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, da akantoci. Teku ma aiki ne: ofishin ƙasashen Yarjejeniyar Nauru, masu sayar wa jiragen kamun tuna kwanakin kamu, yana Majuro, hukumar kifi ta yammaci da tsakiyar Fasifik tana Pohnpei, makarantar koyon aikin jirgin ruwa da kamun kifi kuma tana Yap. A Majuro, shirin Waan Aelõñ in Majel na koya wa matasa sassaƙa kwalekwale da kafinta.

Aikin sojan Amurka a buɗe yake gare su, kuma da yawa na shiga. Makin jarrabawar shiga soja mai suna ASVAB ne ke yanke irin aikin da za a ba mutum, don haka a yi mata shiri kamar ta jami'a, a kuma karanta kwantiragi tare da wani tsohon soja kafin sa hannu. Wanda ya kama aikin masana'antar kaji ko otal, ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu da yamma, kada shekara biyar ta same shi a inda ya fara.

A koya masa hirar neman aiki da gwaji. A gida, sunkuyar da kai da yin shiru gaban babba ladabi ne, ɗaga gira kuma na nufin "i". Ga malami ko manajan Amurka, wannan na iya zama alamar rashin sani ko rashin kulawa. Yaro ya riƙe ladabinsa, ya ƙara wani a kai: ya dubi mai magana, ya amsa da baki, ya faɗi abin da ya iya ba tare da jin cewa yana fariya ba. A yi wannan gwaji sau biyar ko shida da wani babba da ba ɗan gidansu ba.

Dangi, makoki da coci

A Chuuk, Pohnpei da Tsibiran Mashal, dangi ta wajen uwa ake bi, kuma maganar kawu na da nauyi. Duk shirin da aka yi ba da saninsa ba, rana ɗaya zai rushe. A zauna taron gida kafin tafiya a yanke abu uku a fili: nawa yaro zai riƙa aikowa, in ma zai aiko, rasuwar wa ce za ta dawo da shi gida a tsakiyar zango, wa zai tsaya a madadinsa a sauran hidimomi. Makoki kan ɗauki kwanaki, jirgin saman kamfanin United mai bi tsibiri-tsibiri tsakanin Honolulu da Guwam ba kullum yake tashi ba, na tsibiran nesa kuma sai sun jira jirgin ruwa. Tafiyar mako guda ta zama ta wata.

Idan tafiya ta zama dole, kada a tafi shiru. Ɗalibi ya rubuta wa kowane malami kafin ya tashi, ya tambaya ko za a ba shi makin "bai kammala ba" ya ƙarasa daga baya, ya leƙa ofishin tallafi, ya kuma dawo da takardar shaidar rasuwa. Rasuwar ɗan'uwa na cikin dalilan da ake karɓa wajen ɗaukaka ƙara idan an dakatar da tallafi, amma sai da takarda. 'Yan mata sun fi shiga wannan matsi, domin su ake bar wa reno da jinyar tsofaffi. A rubuta sa'o'in karatunsu a manna a bango, manya su amince.

Harshe da al'ada kuwa jari ne. Mai jin Turanci da harshen Chuuk ko na Mashal sosai, asibitoci da kotuna da makarantun Hawayi da Arkansas na neman irinsa a matsayin tafinta. A ba matasa aiki na gaske a coci da bikin kemem, wato cikar jariri shekara guda a al'adar Mashal: riƙe lissafin gudummawa, rubuta wasiƙa, taya tsofaffi cika takardar Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga masu ƙaramin ƙarfi, wadda aka maido wa 'yan COFA a Disamba 2020 bayan dokar 1996 ta cire su. A rubuta kowane aiki da kwanan wata da yawan sa'o'i, shugaban coci ya sa hannu, a ajiye tare da fasfo da I-94 don ranar neman tallafi ko aiki.