Yadda za ka shiga harkar injiniyan sabis ɗin waya, ta hanyar da Paulraj mai MIMO ya bi

Ƙannena 'yan jami'a suna yawan tambayata wai ta ina ake farawa in mutum yana son ya zama injiniyan netwok, ba gyaran waya irin na Farm Centre ba (su ma dai ba ƙananan mutane ba ne, wasunsu sun fi mai digiri sanin cikin waya), a'a irin mutanen da ke tsara yadda sabis ke fitowa daga ƙarfen sabis ya iso wayarka. Ni dai kullum labarin mutum ɗaya nake ba su, wani Ba'indiye mai suna Arogyaswami Paulraj, don duk abin da za ka yi a wannan hanya shi ya riga ya yi shi, kuma kusan a jere.

An haife shi a 1944 a garin Pollachi da ke kudancin Indiya, kuma ba daga wata babbar jami'ar Amurka ya faro ba, soja ne na ruwa, yana ɗan shekara 15 ya shiga, a makarantar injiniya ta sojan ruwa ya yi karatun lantarki, daga baya ya yi digirin dokta a IIT Delhi a 1973. Abin da ya fara sa aka san shi ma ba waya ba ce. A yaƙin Indiya da Pakistan na 1971 jirgin ƙarƙashin ruwa na Pakistan ya nutsar da jirgin yaƙin Indiya INS Khukri, sai aka sa shi ya gyara na'urar sona, wato mai sauraren ƙara a cikin ruwa don gano jirgin abokan gaba, daga nan ya jagoranci ƙera sabuwa gaba ɗaya da ake kira APSOH. Shekaru ya yi yana fama da tambaya ɗaya, yaya za ka ciro sautin da kake so daga cikin hayaniya in kana da kunnuwa da yawa a jere. Riƙe wannan tambayar, ita ce dai ta zama MIMO, wato dabarar turawa da karɓar data ta eriya da yawa a lokaci ɗaya.

To matakin farko a gare ka lissafi ne, ba yadda za ka yi da shi. Na san ba shi kake son ji ba, kowa so yake a ce masa ga kwas na sati shida ga satifiket. Amma in ba ka iya liniya aljabra ba, wato lissafin matriks, lambobin da ake jerawa layi-layi kamar tebur, ka tsaya a bakin ƙofa. Ka nemi darussan Gilbert Strang na MIT, kyauta suke a YouTube, lambar kwas ɗin 18.06, ka bi su da biro da takarda ba kana kwance kana kallo kamar fim ba. Ka haɗa da lissafin yiwuwa da kuma sauyin Fourier, wanda shi ne ke nuna maka cewa duk wani sigina tarin igiyoyi ne masu mita daban-daban. Sai lissafin desibel, wannan kam dole ya zauna maka a ka kamar kuɗin mota, ƙarin 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi, 10 dB ninki goma, kuma a fili fetal duk lokacin da ka ninka nisa sau biyu ka yi asarar 6 dB. In kana karanta lantarki ko sadarwa a ABU Zariya ko BUK ko FUT Minna duk za a koyar da kai waɗannan, matsalar dai yawancinmu haddacewa muke mu ci jarabawa mu zubar a bakin hol.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka daɗe, ka fara aune-aune da hannunka. Ga dalili. Paulraj ya bar aikin soja a 1991 yana da muƙamin kwamado ya koma jami'ar Stanford, wurin Farfesa Thomas Kailath. Yadda shi da kansa yake ba da labarin, suna wani gwaji ne na raba siginar na'urori biyu masu watsawa a mita ɗaya ta amfani da eriya da yawa, a waje in na'urorin suna kusa da juna ba sa rabuwa, sai ranar nan aka yi ruwan sama suka kwashi kayansu suka shiga cikin gini, kawai sai ga sigina sun rabu tas. Wani da sai ya ce na'ura ce ta yi shirme ya kashe ya kunna. Shi kuwa ya tsaya ya tambayi dalili, kuma dalilin shi ne bango da rufi suna mayar da sigina kamar amsa-kuwwa, kowace eriya tana jin cakuɗe iri daban. Wannan amsa-kuwwar da injiniyoyi suka daɗe suna tsinewa don tana ɓata sigina, ita ce ta zama riba.

Bari in kwatanta maka. Mutum biyu suna magana lokaci guda a ɗaki, in kunne ɗaya gare ka surutu kawai za ka ji, amma in kana da kunne biyu kuma kowanne yana jin muryoyin da ƙarfi daban, to ka samu lissafi biyu da abin nema biyu, irin wanda aka koya maka a aji uku na sakandare, sai ka warware ka fitar da maganar kowa. Sai ya ce to me zai hana a raba data gida biyu, a tura kowane rabi ta eriyarsa a mita ɗaya lokaci ɗaya, a can a warware? Gudu ya ninka ba tare da an sayi ƙarin mita ba, kuma mita tsada gare ta ba wasa ba, ka tuna gwanjon mitar 5G da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi a Disambar 2021 inda MTN da Mafab kowanne ya ci a kan dala miliyan 273.6. Shi da Kailath suka samu takardar mallakar fasahar a 1994. Da farko mutane da yawa ba su yarda zai yi aiki ba. Kuma don kar a ci haƙƙin wasu, ba shi kaɗai ya gina abin ba, Gerard Foschini na Bell Labs da Greg Raleigh sun yi aiki mai nauyi a kai a 1996, Thomas Marzetta kuma shi ya kawo dabarar eriya masu ɗimbin yawa a 2010, wadda ita ce a 5G kake jin ana cewa eriya 64 a akwati ɗaya.

To kai ma kana da ɗakin gwaji a aljihunka. A Android da yawa in ka danna *#*#4636#*#* za ka ga bayanan sabis, a iPhone kuma *3001#12345#*, in ya ƙi sai ka sauke NetMonster ko G-NetTrack. Lambobi biyu za ka sa wa ido, RSRP wato ƙarfin siginar, wajen -80 lafiya lau ne, in ya gangara -110 ka fara shan wahala, sai SINR wanda ke nuna yadda siginarka ta fi hayaniya da kutsen sauran ƙarafa. Wannan na biyun ne ke bayyana abin da ke ba mutane haushi, sanda cike a waya amma data ba ta motsi, ko da yake wani lokacin cunkoso ne kawai, mutum ɗari suna rabon abu ɗaya. Ka sayi littafi na musamman, ka riƙa rubuta wuri da lokaci da lamba, cikin ɗaki mai rufin kwano, tsakar gida, saman bene, cikin kasuwa da rana, wurin dai da asuba. Ka gwada matsar da wayar taƙi ɗaya kawai ka ga yadda lamba ke tsalle, don a mita 1800 MHz tsawon igiyar bai wuce santimita 17 ba, rabin wannan ya isa ka fita daga wurin da siginoni ke kashe juna ka shiga inda suke ƙara wa juna ƙarfi. In kana da rauta mai eriya biyu a gida ka cire ɗaya ka auna gudu, ka mayar ka sake aunawa, sau da yawa ba sau ɗaya ba. Ka ga MIMO da idonka ke nan.

Bayan wata biyu kana haka sai ka tara kuɗi ka sayi 'yar na'urar kama siginar rediyon nan RTL-SDR, kamar filasha take, ka haɗa da kwamfuta da manhajar GNU Radio, za ka ga tashoshin FM na garinku da siginar ƙarfen sabis a allo kamar duwatsu. Sauraro kawai fa, kar ka kuskura ka ce za ka watsa wani abu a mitar kamfanonin waya, laifi ne kuma NCC ba ta wasa da shi, a Nijar kuma ARCEP ce. Sannan ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka rubuta ɗan ƙaramin shiri na eriya biyu da biyu, ka ƙirƙiri data, ka cakuɗa ta da matriks, ka zuba mata hayaniya, ka warware. Layi talatin ya isa. Ranar da ka sa layukan matriks ɗin suka yi kama da juna ka ga komai ya wargaje, ranar ka gane abin da ya sa gwajin Paulraj ya ƙi a fili ya yi a cikin gini.

Maganar aiki kuwa, gaskiya ba a teburin ƙirƙira za ka fara ba. Yawanci da yawon awon sabis ake farawa, a sa ka a mota da laftof da wayoyi huɗu ka yi ta zagaye unguwa, ni na taɓa yin wata uku ina wannan wa wani ɗan kwangila kuɗina bai fito ba sai da aka kai ruwa rana, amma a nan na koyi abin da karkatar da eriya da digiri biyu kacal ke yi wa unguwa guda. Daga nan sai gyaran ingancin netwok, sai tsarawa. In ka kammala karatu ka yi rajistar COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ka kuma saba da karanta takardun 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin 4G da 5G, kyauta suke a intanet, TS 36.211 ta 4G ka fara da ita ko da kashi ɗaya cikin goma kake ganewa. Shi Paulraj da ya ga kamfanoni sun yi sanyi nasa ya kafa, Iospan a 1998 wanda Intel ta saye fasaharsa, sai Beceem da Broadcom ta saya a 2010, aka ba shi kyautar Marconi a 2014. Kuma ka lura lokacin da ya fito da MIMO yana dab da shekara hamsin, wanda a wurinmu an fara yi masa lissafin fansho.

Takardar mallakar fasahar tasa tana nan a Google Patents, lamba 5,345,599. Ka buɗe ka fara da zane-zanen kafin rubutun, za ka ga ma misalin da suka fi bayarwa na watsa talabijin ne, don a lokacin wayar hannu kira kawai take yi.