Yadda zaka horar da mawaƙi da mai kaɗa fiyano a waƙoƙin Sifaniyanci

Irin waƙar da nake magana a kai ita ce wadda mutum biyu ne kawai a kan dandamali, mawaƙi ɗaya da mai kaɗa fiyano ɗaya, babu makirufo babu ganga, an ɗauki baitocin wani marubuci an yi musu sauti an rubuta komai a takarda. In kai ne mai horarwa toh ka sa a ranka tun farko cewa su biyun ɗalibanka ne, mai fiyano ba ɗan rakiya bane, duk abin da mawaƙi zai sani game da baitocin shima sai ya sani.

Kafin a taɓa fiyano ka tambaye su daga ina waƙar ta fito, don furuci ya danganta da ƙasa. A Madrid da yawancin Sifaniya harafin z, da c in ta zo kafin e ko i, ana furta su ne da kan harshe tsakanin haƙora, amma a Meziko da Ajantina da Kyuba s ce zalla. Kaga kenan gajerun waƙoƙin nan da ake kira tonadillas na Enrique Granados, waɗanda suke zancen mutanen Madrid na zamanin mai zane Goya, furucin Madrid suke buƙata, amma in Carlos Guastavino ne ko Alberto Ginastera na Ajantina, ko Manuel Ponce na Meziko, sai a koma s, kuma dan Allah kar a gwamutsa su a cikin waƙa guda. Ka duba ma ko Sifaniyancin ne da gaske, don Federico Mompou da yawan waƙoƙinsa da yaren Katalan ya yi su, shi kuma wannan yare ne daban mai nasa dokokin.

Daga nan sai karatu, su biyun su karanta baitocin da ƙarfi kamar suna magana, kuma kowace kalma su san ma'anarta ba wai jigon waƙar kawai ba. Wasula biyar ne, a e i o u, kowanne ya tsaya yadda yake har ƙarshen sauti komai tsayinsa. Harafin b da v sauti ɗaya ne, kuma b da d da g in suka faɗo tsakanin wasula laushi suke yi sosai, r guda bugu ɗaya ce, rr da r ta farkon kalma kuma karkaɗa su ake. Inda mawaƙa suka fi shan wuya shine abin da ake kira sinalefa, wato in kalma ta ƙare da wasali ta gaba kuma ta fara da wasali sai su haɗe su zama gaɓa ɗaya, kamar mi alma, sau da yawa nota ɗaya, wato alamar sauti guda, aka basu a takarda, in mawaƙi ya raba su sai ya ƙaro gaɓar da babu ita, lissafin kiɗan duk ya karkace kuma mai fiyano ya rasa inda zai shigo. Ka sa su zagaye duk irin wuraren nan da fensir tun ranar farko.

Shi kuwa mai fiyano abin da zaka nanata masa shine a waƙoƙi da yawa jita yake kwaikwayo. Waƙoƙi bakwai na gargajiya da Manuel de Falla ya shirya a 1914, aka fara rera su a Madrid a 1915 shi da kansa yana kan fiyano, sune makaranta babba a nan. A ta ƙarshe, Polo, nota ɗaya ake ta maimaitawa da sauri irin ta igiyar jita, in aka cika danna feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, sai komai ya dagule, don haka yatsu su yi aikin, ƙafa ta huta. Sai kuma wannan sauyi da ake yi tsakanin lissafin bugu na 3/4 da na 6/8, bugu shida ne amma wani lokaci a kasa su uku-uku wani lokaci biyu-biyu, ka rufe fiyano ku tafa shi da hannu, mawaƙi na tafa ɗaya mai fiyano na tafa ɗayan sannan su yi musanya, har sai ya zauna a jiki. Yawancin sautukan nan daga rawa suka fito, kamar rawar jota ta yankin Aragon da rawar seguidilla, don haka ba a jan lokaci yadda aka ga dama, mawaƙi zai iya ɗan lanƙwasa jimla amma bugun ƙasa yana nan daram.

Gaskiya abin da nafi tsawatarwa a kai shine zuzutawa, da an ji Sifaniya sai a fara ihu da shaƙe murya da sunan flamenko, wato salon waƙa da rawa na kudancin Sifaniya. Wannan doguwar "ay" ta kukan zuci da ake ja a waƙa da lanƙwashe-lanƙwashen da suka samo asali daga waƙar Andalus, wanda ya tsara sautin ya riga ya rubuta su nota bayan nota, a koya su a hankali a kan wasali ɗaya sannan a ƙara sauri, zafin zai fito da kansa in lissafi ya daidaita.

Wajen zaɓen waƙa ka fara musu da masu natsuwa, Nana wadda waƙar rarrashin jariri ce ko Asturiana, duk a cikin bakwai ɗin Falla, sannan waƙoƙin Fernando Obradors ko waƙoƙin soyayya huɗu (madrigal) na Joaquín Rodrigo na 1947 in muryar mai tashi sama ce, Polo kuwa a barta sai ƙarshe. Su saurari mawaƙiya Victoria de los Ángeles tare da mai fiyano Alicia de Larrocha, da mawaƙiya Teresa Berganza, amma sai bayan sun gama nasu karatun don kar su koma kwafa. Kuma duk zama ka ɗauki sautin a waya ku saurara tare, mai fiyano ya faɗi kalmomin da bai ji sun fito ba, mawaƙi kuma ya nuna inda fiyano ta rufe masa murya.