Ga masu shirin zuwa kallon mawaƙan rock a O2

'Yan uwa mazauna Landan, in za ka kai uwargida O2, babban zauren wasanni na Landan, kallon tsofaffin mawaƙan rock, ka sayi tikitin kujera. Wurin yana cin mutum kusan 20,000, gaban dandamali kuwa turereniya ce zalla, mai gyale da doguwar riga za ta sha wuya.

Ku tafi da abin toshe kunne, akwai shi a kemis da araha. Ƙarar gita da ganguna takan haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, sai mutum ya kwana kunnensa na ƙugi. Jakarta kada ta wuce girman takardar A4, don a ƙofa ake tarewa. In an tashi, tashar jirgin ƙasa ta North Greenwich da ke kusa da wurin cika take yi maƙil, gara ku ɗan dakata taro ya ragu.