Yadda malama mai 'ya'ya za ta riƙe darasin unguwa har ƙarshen shekara

A garuruwan arewacin Kamaru irin su Garwa, Marwa, Ngaundare ko Kusiri, da wuya ki sami unguwar da maƙwabta ba su mayar da gidan wata malamar firamare makaranta ta biyu ba. Da yaro ɗaya ake farawa: "Malama, don Allah ki duba mini yaron nan, yana CE2 (aji huɗu) amma bai iya haɗa baƙi ba." Kafin wata biyu tsakar gida ta cika da yara talatin, tuwon dare yana makara, littattafan ajinta na jibge ba a duba ba. Irin wannan darasi sau da yawa ba ya kai hutun Disamba, domin an buɗe shi ba a yanka masa iyaka ba.

Kafin ki shimfiɗa tabarma, ki nemi yardar mutum uku: maigida, daraktan makarantarki, da jauro ko mai unguwa. Idan gidan na haɗaka ne, ki zauna da uwargida ko surukarki tukuna, don hayaniyar yara da ruwan randa da za su sha duk a kansu zai faɗa. Darakta kuwa ki gaya masa sarai cewa kyauta ne, kuma ba za ki ɗauki 'yan ajinki ba. Wannan sharaɗi na kare mutuncinki ne. Ranar da ɗan ajinki mai zuwa gidanki ya zo na ɗaya, za a ce kin ba shi amsa a zaure.

Yara goma sha biyu sun isa. Idan kina da mataimakiya, misali budurwar da ta kai ajin uku na sakandare, ki kai sha biyar, kada ki wuce. Sauran ki rubuta sunayensu a bayan littafi su jira. Wanda ya yi fashi sau uku a jere ba uzuri, a ba na gaba wurinsa. Ki faɗi wannan doka gaban iyaye tun ranar farko, saboda korar ɗan maƙwabciya daga baya tana da nauyi ƙwarai.

Kwana biyu a mako, awa ɗaya da kwata kowace rana. Laraba ta fi dacewa tunda ana tashi boko da tsakar rana, sai Alhamis da makarantun allo ke hutu. Kada ki yi karo da lokacin malamin allo. Iyaye za su zaɓe shi, kuma da gaskiyarsu. A fara bayan la'asar, a sallami yara da sauran rana, 'yan mata su isa gida kafin kiran magariba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ki rage zuwa minti 45 ko ki mayar da ɗaya Asabar da hantsi. A watan azumi a rufe baki ɗaya.

Kaya ba su da yawa: rabin fallen katako da aka shafa wa fentin allo sau biyu, kwalin alli, ƙaramin allo ga kowane yaro, tsumma, tabarma biyu, buta, da marafan kwalba kamar ɗari biyu. Allunan su kwana a gidanki. Wanda ya tafi da nasa gida, mako mai zuwa zai zo hannu rabbana.

Ranar farko ba a koyar da komai, gwaji ake yi. Ki kira yaro shi kaɗai, ki nuna masa baƙaƙe goma, sai gaɓoɓi goma, sai kalmomi biyar, sai layi uku na labari. Inda ya tsaya, nan ne rukuninsa, ko da a makaranta yana CM1, wato aji biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaunar da yara bisa ajinsu na boko ana taya su aikin gida. Yaron da bai san sautin "ou" da "on" na Faransanci ba, ko kin yi masa aikin gida ɗari, gobe yana nan inda yake. Rukuni biyu kawai za ki iya riƙewa: masu baƙi da gaɓa, da masu kalma da jimla. Minti ashirin kina tare da waɗannan, waɗancan suna kwafi a allo, sai ku juya.

Akwai tuntuɓen da ya keɓanta da 'ya'yan Hausawa. Hausa ba ta raba "p" da "f", don haka yaro zai karanta "poule" da "foule" iri ɗaya, alhali abokinsa mai Fulatanci ba ya shan wannan wahala, tunda harshensa yana da duka biyun. Kada ki yi masa tsawa. Ki sa ya riƙe guntun takarda gaban bakinsa: a "p" leɓɓa na haɗuwa su buɗe da ƙarfi, a "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Haka "v" da "b", haka "u" da "ou". Ma'anar kalma kuma ki faɗe ta da harshen da yaron ke ji, Hausa ne, Fulatanci ne ko Larabcin Shuwa, sannan ki koma Faransanci. Maimaita jimlar da bai gane ba sau goma haddar banza ce.

A lissafi, matsalar dala ce. Yarinyar da ke talla ta san dala biyar sarai, amma a takarda 25 za ta gani, ta rikice. Ki ɗauki mako biyu kuna jera marafai biyar-biyar kuna cewa dala ɗaya 5, dala biyu 10, har dala ashirin 100. Daga nan jadawalin biyar ya zauna, kuma za ki ga 'yan tallan nan sun fi kowa saurin lissafin ka.

Tun watan Oktoba ki tambayi kowace uwa takardar haihuwar ɗanta, ki gani da idonki. Ba a rubuta yaro jarrabawar CEP ta kammala firamare sai da ita, kuma idan wa'adin da doka ta bayar ya wuce, sai an bi ta kotu kafin magajin gari ya fitar da ita, abin da ke cin watanni. Iyaye da yawa ba sa farga sai yaro ya kai CM2, ajin ƙarshe. Naki shi ne ki tunatar, ki nuna hanya, ki haɗa su da darakta. Kada ki karɓi takardu ko kuɗin kowa ki ce za ki je musu.

Darasi kyauta ne, amma kuɗin alli dala ashirin a wata ya wadatar, kuma wata uwa daban ta riƙe shi da littafinta. Marar hali a ƙyale shi ba tare da an faɗa a gaban yara ba.

Sai gidanki. Ranakun darasi ki ɗora miya tun da safe ko daren jiya, tuƙin tuwo kaɗai ya rage bayan magariba. Mai goyo ta shayar kafin yara su shigo, ta ba wata babba riƙon jaririn. 'Ya'yanki na cikinki ki ware musu minti ashirin nasu bayan isha'i, ku kaɗai, domin ɗan malama yakan ji haushi idan kullum a cikin taro yake ganin uwarsa, kuma wannan haushi a karatunsa yake fitowa. Makon da ake haɗa sakamakon zango a makaranta, da makon shirin bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ki sanar tun da wuri cewa babu darasi. Idan kuma aka zo neman ki shiga aikin rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na damina, ko riƙon adashin mata, ki duba kalanda: wanda ya faɗo cikin dogon hutu, ana iya karɓa, wanda ya faɗo tsakanin Oktoba da Mayu, ki nuna musu wata macen.

Duk bayan mako shida ki sake gwajin ranar farko da baƙaƙe da kalmomi daban. Wanda ya karanta layi uku ba gargada ya kuma faɗi abin da suka ƙunsa, ki sallame shi, ki kira na farko a jerin masu jira.