Kurakuran da muke yi wajen auna ko ɗan majalisa zai tsaya wa kuɗin binciken sararin samaniya

A unguwannin Nima da Mamobi na Accra, a Ghana, yawancinmu da bakin ɗan majalisa muke auna shi. Ya je taron yaye ɗalibai ya yabi GhanaSat-1, tauraron ɗan'adam da ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa aka harba a 2017, sai mu ce ai wannan namu ne. Yabo kuwa ba ya cin ko sidi ɗaya. A buɗe Hansard, kundin da ke ɗauke da abin da aka faɗa a zauren majalisa, a duba ranar da aka yi muhawarar kasafin ma'aikatar kimiyya. Ya tashi ya yi magana, ko kujerarsa ce kawai ta halarta?

Babban kuskuren shi ne zaton ɗan majalisa na iya ƙara kuɗi da kansa. Sashe na 108 na tsarin mulkin 1992 ya hana majalisa ɗora wa baitulmali sabon nauyi sai ta hannun shugaban ƙasa. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai zuba wa GSSTI, cibiyar kimiyya da fasahar sararin samaniya ta Ghana, kuɗi, ko bai san iyakar ikonsa ba, ko ƙuri'arka yake nema. Ƙarfinsa na gaske yana cikin kwamiti, inda ake zaunar da jami'an ma'aikata a tambaye su. A nan ake gane mai kishi, domin kuɗin da aka amince da shi a takarda daban, wanda aka saki daban. Wanda ya tambayi minista ko kuɗi nawa ne ya isa tashar Kuntunse, inda faranti mai faɗin mita 32 ke sauraron sararin samaniya tun 2017, shi ne abin riƙewa.

Jam'iyya ma ba ma'auni ba ce, kowane ɓangare akwai masu kula da marasa kula.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke cire rai da wanda kullum zancensa kwata da ambaliya ne. Wallahi shi ya fi sauƙin jawowa. Hoton tauraron ɗan'adam na nuna inda aka yi gini a kan hanyar ruwa, da yadda galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mai da kogin Pra ruwan laka. Ku je ofishinsa da hoton unguwarku, ku nuna masa magudanar da ta toshe, sannan ku tambaye shi me zai ce idan kasafin ya zo gabansu.