Yadda Ake Zaɓen Injin Banso da Zartonsa Don Aikin Kafinta a Gida

Banso shi ne injin nan mai zarto siriri da aka haɗe bakinsa kamar bel, yana zagaya wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Da shi ake fitar da lanƙwasar ƙafar kujera da adon kan gado, ana kuma tsaga katako mai kauri gida biyu.

Kafin ka je kasuwa, fara da wutar gidanka. A Gombe, ko wutar kamfanin lantarki na JED ce ko janareta, 230V muke amfani da shi, alhali tsofaffin injinan da ake kawowa daga Amurka yawanci na 110V zuwa 120V ne. Duba ɗan ƙarfen da aka manna a jikin motar injin, komai na rubuce a nan. In na 110V ne, sai ka haɗa da taransifoma, ƙarin kuɗi ke nan. Da ƙarfin doki ake auna ƙarfin motar injin. Ƙarfin doki 1 wat 746 ne, amma lokacin tashi injin yana jan ninkin haka, saboda haka ƙaramin janaretan kunna fanka ba zai ɗauke shi ba.

Sai girma. Ana auna banso da faɗin wilinsa. Mai inci 9 ko 10 na ɗorawa kan tebur ne, ya isa firam ɗin hoto da ƙananan akwatuna. Wanda zai taɓa madaci ko kirya, ya nemi mai inci 14 da ƙarfin doki 1.

In na hannu ne, buɗe murfin, ka juya wilin da hannu ka ga ko yana lilo. Duba robar da ke kan wilin, zafin Gombe yana tsattsaga ta. Taɓa boris ɗin da ke riƙe zarto, a kunna maka ka saurari ƙara. Mai kaya da ya ce "Oga, babu wuta, amma lafiya lau yake", ka ce masa za ka dawo in an kawo.

Zarto kuwa, nan ne aikin yake. Na sha ganin an zagi inji ana cewa yana karkata, ashe zarton ne ya dakushe. Wanda ya zo da injin galibi na jeka-na-yi-ka ne, sayi wani tun ranar farko.

Auna tsawo tukuna: zagaya zare a kan wilin biyu, ka shimfiɗa shi kan tef. Masu inci 14 da yawa suna cin zarto mai inci 93 da rabi, amma dai ka auna naka.

Faɗi ya danganta da yankan. Mai kwatan inci yana bin lanƙwasa, mai rabin inci yana tafiya miƙe wajen tsaga. Haƙora kuma ana ƙirga su a kowane inci. Katako mai kauri yana son haƙora 3 ko 4, domin manyan ramukan da ke tsakaninsu ne ke kwashe garin katako. In ka sa mai haƙora 14 a kan madaci mai kaurin inci 4, garin zai toshe, zarton ya yi zafi, ka ji ƙauri, gefen katakon ya yi baƙi. Mai haƙora 10 zuwa 14 na filawud ne da siraran katako. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su kasance cikin katakon a kowane lokaci. In kuɗinka na zarto biyu ne kawai, ɗauki kwatan inci mai haƙora 6 da rabin inci mai haƙora 3.

Katakon da ka ɗauko daga Kasuwar Katako, goge shi da buroshi kafin yanka, yashin da ya maƙale yana cinye haƙora. Tsohon katakon rufi kuma ka lalubi ƙusa.

Wajen ɗaura zarto, cire fulogi, haƙora su kalli ƙasa. Ƙara tauri har in ka tura zarton da yatsa ya motsa kamar kwatan inci. Sauko da majinginar sama, wato abin da ke riƙe zarton ta sama, ta tsaya kwatan inci bisa katakon. In ka tashi aiki da yamma, sassauta zarton.